Maigidana ya ci bashin banki lokacin da ciwonsa ya tashi, yanzu yana cewa gara babu shi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekararmu tara da aure, yaranmu uku. Maigidana yana da ciwon ƙwaƙwalwa da likita ya kira baipola, mai sa mutum wani lokaci ya tashi sama da zumuɗi wani lokaci ya faɗa cikin damuwa, yana shan magani lafiya lau har bara ya ce ai ya warke ya daina sha. Bayan kamar wata biyu ya rikice, baya barci, surutu ba tsayawa, kullum da sabon kasuwancin da zai mayar damu masu kuɗi. Cikin sati biyar ya ci bashi sau uku a bankin da albashinsa ke shiga, duk ta waya, ya ƙara da na manhajojin bada bashi biyu, ya zuba a harkar da bata da tushe, yayi ta kyauta, ya sayo kayan da har yau wasu na cikin kwali. Ni sai da aka kwantar dashi a asibiti na sani. Bashin ya kusa albashinsa na shekara biyu, da albashi ya shigo banki ke kwashe fiye da rabi. Yanzu baya fita baya ɗaga waya, maganin ma sai ya ga dama, shekaranjiya da dare ya ce min gara ace babu shi mu huta. Yayansa ya ce shi ya jawo wa kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Bankin kuma sun ce in na sa hannu na tsaya masa zasu haɗe bashin su rage abinda suke cira. Ina tunanin in sa hannun ko in sayar da ɗan abinda na mallaka. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma duk da tambayarki akan sa hannu ce, ni maganar da yayi miki shekaranjiya da dare ita ta tsaya min a rai, dan haka da ita zan fara, bashin ya jira mu tukuna.

Mutum mai baipola da ya sauko daga tashin ciwo ya faɗa cikin damuwa, ga bashi ya danne shi, ga kunya, ga magani baya sha yadda ya kamata, in ya ce gara babu shi ba'a ɗaukar wannan a matsayin maganar ɓacin rai kawai. Ki zauna kusa dashi yau ɗinnan ki tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, kina kiran abin da sunansa: kana tunanin kashe kanka ne? ka taɓa tunanin ta yaya? Nasan bakinki zai yi nauyi, kuma nasan tsoron da mutane keyi wai kar a sa masa tunanin a kai, to likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar bata sa mutum tunanin da bashi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji dan an samu wanda zai iya faɗa wa. In ya ce eh, ko yayi shiru mai tsawo, ko ya ce miki ya san yadda zai yi, kar ki jira ranar da aka rubuta masa ta ganin likita, a kai shi asibiti a ranar ko da dare ne, kuma kar a bar shi shi kaɗai. Ko da ya ce a'a ma ki kira likitansa gobe da safe ki maimaita masa maganar kamar yadda ta fito daga bakinsa. Magungunan gidan duka su dawo hannunki ki kulle, ke ce zaki dinga bashi na rana ɗaya ɗaya, musamman in maganin da ake kira lisiyam yake sha dan shi idan yayi yawa a jiki guba ne. Haka duk wani abu mai haɗari a gidan, ki ɗauke shi shiru ba sai kin yi sanarwa ba. Kuma kar ki mayar dashi kan tsohon adadin maganin da kanki bayan ya daɗe yana sha yana bari, wannan aikin likita ne, lisiyam sai ana gwada jini ana duba yawansa da lafiyar ƙoda.

Sai maganar yayansa. Ban zarge shi da mugunta ba, rashin sani ne, kuma shine fahimtar mafi yawan mutane. Amma kinga ƙanwata, kashe kuɗi ba lissafi yana cikin alamomin ciwon nan da aka rubuta a littattafan da likitoci ke amfani dasu wajen gane shi, an ambaci sayayya ba kan gado da zuba kuɗi a kasuwancin wauta ƙarara, tare da raguwar buƙatar barci da yawan magana da jin kai ya fi ƙarfin kowa. Wato duk abinda kika lissafa min. Wannan tashin shi ake kira maniya, kuma mugun abinda ke cikinsa shine mai shi baya jin bashi da lafiya, ji yake bai taɓa samun lafiya irin ta lokacin ba, tunaninsa gudu yake, komai ya duba riba yake gani, birkin da ke cewa mutum tsaya ka lissafa shine ya tsinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da ciwon a 2019, to mijinki ba shi ya fara ba. Inda yake da hannu shine daina maganin, wannan kam kuskure ne kuma nan gaba idan ya miƙe ya kamata ku yi maganarsa a tsanake, amma ko shi ɗin kuskure ne da masu ciwon da yawa ke yi dan idan magani yayi aiki sai mutum ya ga kamar ya rabu da ciwon, alhali maganin ne ke riƙe dashi, kuma yanke shi lokaci ɗaya na saurin dawo da tashin. Wata biyun da kika ambata bai bani mamaki ba sam.

Yanzu bari in zo kan bankin, dan nan ne raina ya fi ɓaci. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Albashin mutumin nan ta hannunsu yake shiga, sun san nawa ne, sun san ranar da yake zuwa, sun ga yadda yake kashe kuɗinsa shekara da shekaru. Sai ga shi cikin sati biyar ya nemi bashi sau uku, kuɗin na shiga na fita kamar ruwa, wataƙila ma da tsakar dare yake danna wayar, kuma babu mutum ɗaya da ya ɗaga waya ya ce malam lafiya kuwa? Na ɗaya ace basu gani ba, na biyu fa, na uku fa? Yadda aka tsara bashin waya kenan, an cire duk abinda zai sa mutum ya ɗan tsaya, ba layi ba takarda ba ido da ido da kowa, kwamfuta ce ke duba albashi ta amince cikin mintuna, kuma tunda su ke fara taɓa albashin kafin ya iso hannunsa basu da fargabar kuɗinsu, ko gidan zai kwana da yunwa ba lissafinsu bane. Ga mai lafiya wannan saurin sauƙi ne, ga mai maniya kuwa kamar a miƙa wa yaro wuƙa ne.

Kuma ba ni kaɗai ke ganin laifi a irin wannan ba, akwai ƙasashen da suka mayar dashi doka. A Afirka ta Kudu dokar bashi ta 2005 ta ce dole mai bada bashi ya binciki ko mutum zai iya biya, in bai bincika ba ana kiran bashin na ganganci kuma kotu na iya dakatar dashi ko ta soke wani ɓangare ko duka. Ostireliya ma ta sa irin wannan wajibcin a dokarta ta 2009. A Birtaniya wani kamfanin bashin gaggawa mai suna Wonga, a watan Oktoba 2014 sai da ya yafe bashin fam miliyan 220 na mutane 330,000 saboda an gano ya basu ne ba tare da duba ko zasu iya biya ba, a 2018 kuma ya rushe, ƙorafe-ƙorafen mutane na neman diyya na cikin abinda ya kayar dashi. A Ingila da Wales tun Mayu 2021 akwai tsarin da ke ba mai bashi kwana 60 na numfashi, a tsayar da kuɗin ruwa da tara da matsin masu bi, wanda kuma ake yi wa jinyar gaggawa ta ciwon ƙwaƙwalwa nasa hutun yana tafiya ne har ƙarshen jinyar a ƙara masa kwana 30. Ba wai ina ce miki duk wannan yana aiki a inda kike bane, kowace ƙasa da dokarta. Na kawo ne dan ki shiga bankin nan kanki a ɗage, kin san cewa abinda kike nema ba bara bane, abu ne da mutane suka zauna suka ga ya dace har suka rubuta shi.

Gaskiya ɗaya kuma da bazan ɓoye miki ba, ciwon baya goge bashin kai tsaye. A dokokin ƙasashe da yawa yarjejeniyar da mutum ya ƙulla baya cikin hankalinsa ana iya warware ta ne in an nuna ɗaya ɓangaren ya sani ko ya kamata ace ya sani, kuma nuna hakan ba wasa bane idan komai ta waya akayi. Dan haka kar ki sa rai za'a yafe duka. Abinda ya fi yiwuwa shine a tsayar da kuɗin ruwa, a cire tarar da aka lafta, a tsawaita lokaci, a rage abinda ake cira duk wata zuwa abinda gida zai iya ɗauka, wani lokacin a yafe wani kaso. Ko wannan aka samu ai an sauke dutse.

Sa hannun nan kuwa kar ki yi. Dan Allah kar ki yi, ko sun kira sau goma, ko sun yi miki magana mai daɗi. Ki duba abinda suke nema da kyau: yanzu mutum ɗaya suke bi, marar lafiya, akan bashin da su kansu akwai tambaya a kan yadda suka bada shi. Ranar da kika zama garanto sun samu mutum na biyu mai lafiya, da sabuwar takarda mai tsafta da aka sa wa hannu ido biyu, tsoffin ukun nan masu matsala sun narke a cikinta, hujjarku mafi ƙarfi ta tafi kenan. A mafi yawan wurare mace bata ɗaukar bashin mijinta dan kawai tana aurensa sai in ta sa hannu ko asusun na haɗin gwiwa ne, ki tabbatar da wannan wajen lauya ko masu bada shawarar bashi kyauta in akwai su kusa dake. Haɗe bashi ma ki lura, ragin da ake cira duk wata yawanci tsawaita shekaru ne, a ƙarshe abinda za'a biya ya fi na da yawa. Abinda kika mallaka shima ki riƙe shi tukuna. Kina da yara uku da miji mai ciwon da kan iya sake tashi, wannan ɗan abin shine kuɗin asibiti da magani da haya ranar da albashi ya tsaya, in kika zuba shi a bakin bashin da ya kusa albashin shekara biyu ko gezau bazai yi ba kuma kin zauna hannu wayam. Bana cewa har abada, wataƙila wata rana a zo sulhu ace a bada kaza a rufe maganar gaba ɗaya a rubuce, to lokacin sai a duba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da irin wannan ta samu ɗanta, ta fito min da leda cike da wasiƙu ko ɗaya ba'a buɗe ba, wayarsa kuma a kife ƙarƙashin filo an kashe mata sauti, kira tamanin da wani abu ba'a ɗaga ba. Hannunta rawa yake da zata yaga ambulan na farko. Muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya muka jera a ƙasa, sai ga shi rabinsu maimaici ne na bashi ɗaya, kuma da muka haɗa jimillar ta rubuta da biro ta daɗe tana kallon lambar sannan ta ja dogon numfashi, mai yawa ce amma bata kai wadda take ta ƙirgawa a ranta da dare ba. Ke ma abinda zaki yi kenan, ke da wani mai riƙon amana, ba lallai da shi ba in bazai iya ɗauka yanzu ba. Takarda ɗaya: wa ke bi, nawa aka karɓa, wace rana, nawa ne ruwan, nawa aka riga aka cira. Ki nemi bayanan asusunsa na wata shida kafin ciwon ya tashi har zuwa yau, dan bambancin da ke tsakanin yadda yake kashe kuɗi da can da kuma na sati biyar ɗinnan shi kansa hujja ne. Sai ki roƙi likitansa takarda mai nuna sunan ciwon, lokacin da tashin ya fara, ranar da aka kwantar dashi da ranar sallama, da bayanin cewa ciwon na taɓa yadda mutum ke yanke shawara kan kuɗi. Ki ajiye ranakun bashin kusa da ranakun likita, duk mai ido zai gani. Amma da yardarsa za'a kai wannan takardar ko ina, sirrinsa ne, kuma banki ma bazasu yi magana dake kan asusunsa ba sai ya rubuta ya baki izini, ɗan layi biyu da sa hannunsa ya isa a fara.

Daga nan komai a rubuce. Ki daina sulhu ta waya da masu kiran nan, su aikinsu su karɓo kuɗi ne basu da ikon rage ko sisi. Ku rubuta ƙorafi zuwa sashen ƙorafi na bankin, ku faɗi abinda ya faru a taƙaice ba zagi ba kuka, ku tambaye su wane bincike suka yi kafin bashi na biyu da na uku, ku nemi a tsayar da ruwa da tara yayin da ake dubawa, a rage cirar zuwa adadin da kuka lissafa bayan an fitar da haya da ci da magani da makarantar yara, a kuma daina kiransa a dinga tuntuɓarki ke. Ki riƙe kwafi da shaidar sun karɓa. In sun yi shiru ko sun ƙi, kusan kowace ƙasa na da hukumar da ke sa ido kan bankuna ko mai kare haƙƙin masu hulɗa dasu, can zaki ɗaukaka, kuma banki kan canza murya idan takarda ta fito daga sama. Manhajojin nan biyu kuwa ki bincika ko suna da rajista ma, in suna barazana ko tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayarsa ki ɗauki hoton kowane saƙo ki kai ƙara, ko Google tun 2023 ta hana manhajojin bashi da ke shagonta shiga lambobin mutane da hotunansu. Kayan da ke cikin kwali a gwada mayarwa ko a sayar. Kuma kar a ci sabon bashi dan biyan tsoho, ko na wa ne.

Abinda yasa nake ta nanata a rage matsin nan, bashi da ciwon ƙwaƙwalwa juna suke ciyarwa. Wani nazari da aka buga a 2013 wanda ya tattara bincike da dama ya nuna masu fama da bashi sun ninka waɗanda basu da shi fiye da sau uku wajen yiwuwar samun matsalar ƙwaƙwalwa. Kowane kiran masu bin bashi ƙara tura shi ƙasa yake, shi kuma yana ƙasa bazai iya aiki ba balle biya. Ko a Alƙur'ani, aya ta 280 cikin Baƙara, cewa akayi in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Ki karanta wa yayansa wannan, ko mafi kyau ki roƙe shi ya raka ku ganin likita sau ɗaya ya ji da kunnensa, dan kina buƙatar namiji a danginsa da zai tsaya, kuma sau da yawa mai faɗan nan idan ya gane shine ke komawa mai ɗawainiya.

Idan Allah ya bashi sauƙi, ba yanzu ba, ku zauna ku yi shiri tun yana cikin hankalinsa, shi da kansa zai faɗi abinda yake so ayi masa ranar da ciwon ya sake motsi. A rufe damar cin bashi ta waya a asusunsa, a sa iyaka kan abinda zai iya turawa a rana, alat ya dinga shigo miki, duk sayayya mai girma a kwana biyu ana shawara kafin ayi, kuma ku yarda cewa in ya kwana biyu ko uku baya barci kuma baya jin gajiya to katin banki ya dawo hannunki a kira likita ba gardama. A rubuta ya sa hannu. Ki kula da yadda zaki kawo maganar, namiji ne da ya riga ya ji ya zubar da girmansa a gaban iyalinsa, in ya ji kamar hukunci ne zai ƙi, in ya ji shi ke tsarawa dan ya kare ku zai karɓa.

Ke kuma fa? Ban ji kin ambaci kowa naki ba a wasiƙar nan. Kina da ikon jin haushi, an kashe kuɗin gidanki baki sani ba, kuma jin haushin bai hana ki tausaya masa ba, duk biyun na zama a zuciya ɗaya. Ki samu mutum ɗaya naki, uwa ko yaya ko aminiya mai rufin asiri, ki faɗa mata komai, ta dinga karɓar miki yaran wani lokacin ki samu barci. Daren yau dai ki bar maganar kuɗi gaba ɗaya, ki kwashe magungunan, ki zauna kusa dashi ki yi masa tambayar nan, ki kuma faɗa masa da bakinki cewa ke da yaran shi kuke so ba hutu dashi ba, bashin kuma kin fara neman hanyarsa ba shi kaɗai zai ɗauka ba. Allah ya bashi lafiya ya warware muku. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita in ji yadda ake ciki.